Ashirin Na Allah Ne: Ma'aunin Tarihi A Ajin Ƙarshe Na Faraku Da Jugu

Duk yaron da ya taka ajin ƙarshe na sakandare a Jamhuriyar Benin, ajin da ake kira tarminal, lissafi yake fara koya kafin darasi, ko da kuwa tarihi ya zo karantawa. Ya san maki 20 ne ƙololuwa, 10 ita ce gadar da ake hayewa, ƙasa da ita kuwa ruwa ne. Ya san daga 10 an ci ne da ƙyar, daga 12 a ce da dama-dama, daga 14 a ce da kyau, daga 16 a ce da kyau ƙwarai. Kuma tun bai zauna a benci ba yayyensa sun gaya masa maganar nan da ta zaga duk makarantun da Faransa ta bar wa gado, wai ashirin na Allah ne, sha tara na malami, ɗalibi ya nemi rabonsa daga ƙasa. Da dariya ake faɗarta, amma ita ce dokar da ba a rubuta ba, musamman a tarihi da falsafa, inda babu biyu da biyu huɗu da za a faɗa a rufe bakin mai gyara.

Na koyar da tarihi a Faraku, na kuma koyar a Jugu, garuruwan da allunan hanya ke rubutawa Parakou da Djougou. Abin da zan yi sharhi a kansa shi ne ma'aunin da muke auna yaranmu da shi a wannan darasi, domin shi ma rubutu ne da mutane suka zauna suka tsara, kuma ya fi kowane littafi tasiri a kan abin da yaro zai ɗauka a matsayin tarihi. Littafi ana iya ƙin karanta shi. Ma'auni kuwa ko ɗalibin da ya fi kowa lalaci ya haddace shi.

Saboda 'yan'uwa na Kano da Zariya da suka saba da WAEC da makinta na A1 zuwa F9, bari in shimfiɗa tsarin a taƙaice. Mutanen Maraɗi da Damagaram su yi mini haƙuri, su sun san dawan garin. Jarrabawar fita ita ce bakaloriya, wadda kowa ke kira BAC, kuma ofishinta yana Kwatano. Ɗalibai kashi-kashi ne: A1 na adabi da harsuna, A2 na adabi da ilimin rayuwar ɗan Adam, B mai karkata ga tattalin arziki, sai C da D na lissafi da kimiyya. Tarihi da labarin ƙasa darasi guda ne, malami guda, maki guda. Kowane darasi yana da nauyinsa, wato lambar da ake ninka makin da ita kafin a haɗa jimla, kuma nauyin tarihi a wajen ɗan A2 ya fi na ɗan C ko D nesa ba kusa ba. Don misali, in nauyin darasi 4 ne, maki 3 da yaro ya rasa sun zama 12 a jimla. Ga ɗan A2 ke nan, takardar tarihi tana iya ɗaga shi, tana kuma iya kwantar da shi ya maimaita shekara.

A cikin shekara kuma akwai ƙananan gwaje-gwaje da ake kira antaro, waɗanda malami ke iya yi ba tare da sanarwa ba, da manyan gwaje-gwaje biyu a kowane zango da ake kira dabuwar. Ana fitar da matsakaicin duk antaro, a haɗa shi da makin dabuwar biyun, a raba uku. Yaron da ya sami 8 da 12 da 10 a antaro matsakaicinsa 10. In ya sami 9 da 14 a dabuwar, jimla 33, a raba uku ya tashi da 11. Mai karatu ya lura, zaman awa biyu ko uku na dabuwar guda nauyinsa ɗaya da duk ƙoƙarin da yaron ya yi na watanni a aji. Ban cika damuwa da wannan ba. Zazzaɓin cizon sauro kan kayar da yaro ranar dabuwar, gaskiya ne, amma kowane tsari yana da irin wannan rami. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wasu abokan aikinmu suka mai da antaro bulala: aji ya yi surutu, a ce kowa ya fito da takarda. Makin da aka samu ta wannan hanya fushin malami yake aunawa.

Babbar magana tana cikin siffar takardar kanta. Bayan babban taron ƙasa na watan Fabrairun 1990, wanda ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya na Mathieu Kérékou, an yi taron gyaran ilimi a cikin shekarar, daga nan aka shiga sauya manhaja, aka fara da firamare, sauyin ya hau zuwa sakandare a shekarun 2000. Sabon tsarin shi ake kira APC, ma'ana koyarwa bisa ƙwarewa. Manufarsa kyakkyawa ce: a daina tambayar yaro ya zazzage abin da ya haddace, a sa shi cikin wata matsala ya warware ta da iliminsa. Shi ya sa takardar tarihi ta yanzu take zuwa da ɗan labari a sama, misali wai kai da abokanka kuna gardama a kan wani al'amari an nemi ka ba da haske, sai takardun shaida biyu ko uku, sai aikin da ake so, sai umarni ɗaya bayan ɗaya. Mai gyara kuma yana da ma'auni a gabansa. Maki 18 an raba su ga ginshiƙai uku: ko amsar ta dace da abin da aka tambaya, ko an yi amfani da kayan aikin darasin daidai, da ko maganar tana da tsari kai da gindi. Sauran 2 na ƙawa ne, tsabtar takarda da kyawun gabatarwa.

Kafin in sa wuƙa, sai in ba ma'aunin haƙƙinsa. Waɗanda suka yi karatu a tsohon tsari sun san lokacin da makin tarihi yake rataye da yanayin da mai gyara ya tashi da shi. Takarda guda, wannan ya ba ta 7, wancan ya ba ta 13, kuma babu wanda zai iya cewa ga dalili. Yanzu ana rufe sunan ɗalibi a BAC, masu gyara suna zama su daidaita fahimtarsu kafin su fara, kuma kowane maki yana da gurbin da ya fito. Ɗan mai sayar da doya a kasuwar Arzeke da ɗan babban ma'aikaci a Kwatano da mudu ɗaya ake auna su. Duk mai kiran a koma zamanin da, ya manta wa aka fi zalunta a zamanin.

To amma mudun me yake aunawa? Na duba ginshiƙan nan sau ba adadi, ban ga inda ake tambayar ko yaron ya tuhumi shaidar da aka ba shi ba. Ginshiƙi na biyu, na kayan aikin darasi, shi ya kamata ya ɗauki wannan nauyi, amma a aikace abin da ake nema a ƙarƙashinsa shi ne shekaru daidai, sunaye daidai, da kalmomin fanni. Takardun shaidar ana yanko su ne daga littafin makaranta, ko jarida, ko intanet, a rubuta sunan marubucin da shekara a ƙasa da ƙananan haruffa. Ban taɓa ganin an rage wa yaro maki don bai kula da wannan layi na ƙasa ba. Sakamakon haka yaranmu sun ɗauki takardar shaida tamkar rumbu: a buɗe, a ɗebo jimla, a sauya mata kalma biyu, a zuba a amsa. Wa ya rubuta, yaushe, yana tsaye a ina, me yake so a yarda da shi, me ya yi shiru a kai, duk waɗannan ba su da farashi a kasuwar maki, don haka babu mai sayensu.

Alhali kuwa nan ne tarihi yake. Marigayi Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi wani nazari a kan abin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya rubuta game da Katsina a shekarun 1850. Mutane da yawa sun ɗauki maganar Barth kamar yankan wuƙa saboda ya gani da idonsa. Bala Usman sai ya tsaya ya tambaya: kwana nawa ya yi a garin, da wa ya zauna, wace fahimta ya taho da ita daga gida game da ƙabila da sarauta, kuma yaya ta rina abin da ya gani. Wannan aiki ba baƙo ba ne ma ga yaron zango. A makarantar zaure ya ji malamai suna bin salsalar magana, wane ya ji daga wane, shin sun ma haɗu, shin mai ruwayar abin yarda ne. Yaron da ya tashi da wannan a kunnensa ya zo aji mu koya masa cewa duk abin da aka buga a takarda aka sa masa lamba shaida ce da ba a taɓawa.

Ga misali a ƙofar gidanmu. A 1894 Ingila da Faransa suka yi tseren zuwa Nikki, babban birnin Bargu, wanda ba shi da nisa da Faraku. Frederick Lugard, wanda daga baya ya ci ƙasar Hausa da yaƙi, shi ya zo a madadin kamfanin Ingila na Kwara, ya riga kyaftin Decoeur na Faransa da 'yan kwanaki a watan Nuwamba, ya tafi da takardar yarjejeniya. Decoeur ya iso shi ma ya karɓi tasa. Faransawa suka ce ta Lugard ba ta da ƙarfi domin bai ga sarkin ido da ido ba, ta hannun wakili aka yi. Aka yi ta jan magana har yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898, wadda ta tsaga Bargu biyu: Nikki da Faraku suka faɗa hannun Faransa, Busa da Kayama hannun Ingila. Iyakar da 'yan kasuwarmu ke tsallakawa yau da buhunan kaya daga nan ta samo asali. A ajiye wa yaro bayanin ɓangarorin biyu a ce masa: wanne ka fi yarda da shi, don me, kuma muryar wa ce babu a cikin duka biyun? Wannan tambaya ba ta da amsa guda da za a rubuta a takardar mai gyara, kuma wannan ne ya sa ma'auninmu yake gudunta.

Domin a bayan ma'aunin akwai wata takarda da ta fi shi iko, wato amsar da aka tsara tun farko, wadda muke kira korije. A ƙa'ida jagora ce kawai, har akan rubuta cewa a karɓi duk wata amsa mai ma'ana. A zahiri mai gyara yana da tarin takardu a gabansa, ga zafi, ga wa'adi, ga shugaban tebur da zai tambaye shi dalilin da ya ba da 16. In ya ga kalmomin korije ya ba da maki hankali kwance. In ya ga yaro ya bi wata hanya, sai ya tsaya ya karanta sau biyu, ya yanke hukunci, ya shirya kare kansa. Mutum nawa ne za su yi haka a takarda ta saba'in? Yara kuma ba wawaye ba ne. Sun gano cewa gabatarwa ƙafa uku gare ta: a shigo da batu, a fito da matsala, a sanar da tsari. Sun haddace jimlolin buɗewa da ke shiga kowace tambaya kamar hular da ke shiga kowane kai. Na sha karanta takardu talatin a jere da suka fara da cewa tun bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu duniya ta shiga wani sabon yanayi. Ba ƙarya suka yi ba, kuma ma'auni bai ba ni hanyar hana su makinsu ba. Wanda ya yi tunani da kansa ya yi tuntuɓe a tsari, shi ne zai tashi da 9.

Sai maganar harshe, wadda a nan arewa ta fi ko'ina ciwo. Yaron zangon Jugu da Hausa yake tashi a gida, da Dandanci yake ciniki a kasuwa, yana jin Yom ko Lokpa a bakin maƙwabta. Na Faraku ya ƙara da Barganci da Fulatanci da Yarbanci. Faransanci shi ne na huɗu ko na biyar a bakinsa, kuma a aji kaɗai yake haɗuwa da shi. Ginshiƙin nan na tsarin magana, in aka cire masa riga, gwajin Faransanci ne: wa ya iya kalmomin haɗa jimla, wa ya iya sauka daga sakin layi zuwa wani ba tare da an ji ƙara ba. Ba na cewa a daina neman kyakkyawan rubutu. Masanin tarihin da bai iya bayani ba rabin masani ne. Amma yaron yana da takardar Faransanci daban mai nata nauyin, an riga an hukunta shi a can. A sake cire masa maki a ginshiƙin tsari, a kuma cire a na ƙawa, an yi masa bulala uku a kan laifi ɗaya, an bar jaki ana dukan taiki. Sau da yawa nakan kira irin wannan yaro in ce ya faɗa mini amsarsa da Hausa, sai in ji hujja a jere, sanadi da sakamako, har da inda yake shakka. A takarda 7 ya samu.

Game da abin da ake koyarwa kuwa, ba ni cikin masu cewa a watsar da tarihin duniya. Manhajar ajin ƙarshe ta karkata ga abin da ya biyo bayan 1945: Majalisar Ɗinkin Duniya, yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, da yadda ƙasashen Asiya da Afirka suka karɓi 'yanci. Yaron da zai yi zaɓe ya kamata ya san toshe Balin na 1948, da taron Bandung na 1955, da rikicin makaman Kyuba na 1962. Su Bio Gera, wanda ya yi wa Faransawa tawaye aka kashe shi a 1916, da Kaba na duwatsun Atakora, ana ambatonsu a azuzuwan baya, kuma tun 2022 ga mutum-mutumin Bio Gera a kan doki a Kwatano. Matsalar ita ce duk abin da ba ya fitowa a BAC, a idon ɗan tarminal ya mutu. Hanyar fatake da ta tashi daga Kano ta ratsa Nikki da Faraku da Jugu ta kai Salaga a ƙasar Gwanja, wadda ta kai kanwa da tufafi ta dawo da goro, ita ce ta haifi unguwar Wangara a Jugu, ita ce dalilin da ya sa akwai Bahaushe a garuruwan nan tun kafin a ga Bature. Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a kanta a 1980, Denise Brégand ta rubuta nata a kan Wangarawan Bargu a 1998. Jikan madugu yana zaune a ajina, ya iya lissafo mambobi biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, bai san bambancin madugu da jagaba ba, kuma ba laifinsa ba ne, tunda babu maki ko rabi a ciki.

Ko a inda manhajar ta taɓo gida, ma'aunin yakan daskarar da abin. Hubert Maga ɗan Faraku ne, a nan aka haife shi a 1916, malamin makaranta ne, shi ya karɓi 'yancin Dahome ranar 1 ga Agustan 1960. Soja suka kawar da shi a Oktoban 1963, a watan Maris na 1964 aka yi tarzoma a Faraku, a 1970 aka kafa majalisar shugabanni uku ta shi da Justin Ahomadégbé da Sourou-Migan Apithy don su riƙa karɓa-karɓa, Kérékou ya rushe ta ranar 26 ga Oktoban 1972. Abin da korije ke so daga duk wannan shi ne jerin dalilan rashin zaman lafiya, ɓangaranci a kan gaba. Kalma guda, maki guda. Amma a unguwannin garin nan akwai tsofaffin da suka ga 1964 da idonsu, kuma ba duka bakinsu ɗaya ba. Wani zai ce an zalunci arewa ne, wani zai ce 'yan siyasa ne suka yi wasa da talakawa. Kowace damina ana rage su. Yaron da zai zauna da biyu daga cikinsu, ya rubuta abin da suka ce, ya gwada da littafinsa, ya fi wanda ya haddace jeri yin aikin tarihi, kuma tsarinmu ba shi da aljihun da zai sa wannan aiki. (Mutanen Nijeriya kada su yi mana dariya; su da aka cire musu tarihi daga ƙananan makarantu tsawon shekaru, sai a 2022 aka yi bikin maido shi.)

Na san abin da za a ce mini. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya yana riƙe da azuzuwa da yawa, wa zai karanta binciken kowane yaro? Kuma in aka ba malami ikon ba da maki a kan aikin gida, an buɗe ƙofar son kai, da kwafe daga waya, da yayan da zai rubuta wa ƙane. Hujja ce mai ƙarfi, musamman a inda darasin ƙarin lokaci na kuɗi ya riga ya raba yara gida biyu, masu iya biya da masu kallo ta taga. Amsata ita ce a yi aikin rukuni-rukuni, a kuma kare shi da baki a gaban aji, minti biyar kowane rukuni. Wanda aka rubuta wa, tambaya ta biyu take tona shi. A cikin maki 18 ɗin nan kuma a ware 4 a rubuta su ɓaro-ɓaro: na wanda ya faɗi waye mai shaidar da abin da matsayinsa ke iya sa shi ya ƙara ko ya rage. Ranar da aka sa wa wannan farashi, masu darasin kuɗi da kansu za su fara koyar da shi kafin mako ya zagayo.

Sauya takardar BAC sai Kwatano, kuma Kwatano ba ta sauri. Amma dabuwar biyun nan na kowane zango ba daga can suke zuwa ba. Mu malaman kowace makaranta muke tsara su a zaman da muke yi na mako-mako, mu muke zaɓen takardun shaida, mu muke rubuta korije. Babu dokar da ta hana a sa shaidu biyu masu karo da juna a maimakon uku masu faɗar abu ɗaya, kuma babu wadda ta hana umarni na ƙarshe ya tambayi yaro wanne ya fi gaskatawa da dalilinsa. Daga Faraku zuwa Nikki tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, kuma duk shekara yaranmu suna zuwa bikin Gani su ga fadar da Lugard da Decoeur suka yi tsere a kanta.